Kafin Ku Naɗa Wa Wani Rawani

Ƙannena masu buga gem, maza da mata, akwai wani aiki da wasannin kwamfuta suka saba ɗora muku, wanda a duniyar gaske ko dattijo ba a bar masa shi shi kaɗai: naɗin sarki. Ina maganar wasannin nan masu dogon labari, inda mutum yake shiga rigar jarumi a wata ƙasa ta almara, ya zaɓa masa suna da asali, abin da ya faɗa da abin da ya aikata kuma su bi shi har ƙarshe. Da wuya a sami ɗaya a cikinsu da babu gadon sarauta a buɗe. Sarki ya mutu, magaji ya ɓace ko ana tantamar asalinsa, manyan gidaje sun ja daga, sai ga ka da takobi a rataye, kowa yana kallon bakinka. Na lura yawancinku da gudu kuke wuce wannan gaɓa, hankalinku yana kan dodon da za ku kashe a gaba. A nan nake so ku ja linzami.

Wasa ɗaya zan riƙe, Dragon Age: Origins, wanda kamfanin BioWare na birnin Edmonton a Kanada ya fitar a 2009. Ya tsufa, wasunku ma da kaɗan suka girme shi. Wasan manya ne, akwai zubar da jini da abubuwan da ba su dace da ƙananan yara ba, addinin mutanen cikinsa da tsafinsu kuma ƙirƙirar marubuta ce, wannan na bar wa iyayenku da hankalinku. Na zaɓe shi ne don sau biyu yake sa mai wasa ya naɗa sarki, kuma duk sau biyun ba ya barin sa ya fita da hannu a wanke.

Na farko a Orzammar ne, birnin wadanni da ke ƙarƙashin duwatsu. Ba zumunci ya kai ka can ba. Kai ɗan wata runduna ne, Dakarun Toka, waɗanda aikinsu yaƙar wasu miyagun halittu da kan ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa bayan ɗaruruwan shekaru su lalata duk abin da suka taɓa. Kana riƙe da tsohuwar yarjejeniya da ta wajabta wa wadanni su ba ka mayaƙa. Da isarka sai a ce maka ai sarki yarjejeniyar ta ɗaure, sarki kuwa babu. Endrin na gidan Aeducan ya rasu, majalisar manyan gidaje ta kasa fitar da magaji, magoya baya suna sarar juna a tsakiyar kasuwa.

Mutum biyu ke nema. Ɗaya Bhelen ne, autan marigayi. 'Ya'yan Endrin uku ne. An kashe babba, Trian, aka ɗora wa na tsakiya laifin aka kore shi cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa don ya mutu can, auta ya rage shi kaɗai. Wanda ya fara wasan a matsayin wannan ɗa na tsakiya ba ya bukatar a gaya masa wanda ya ƙulla abin, tunda a kansa aka ƙulla. Ɗayan kuma Harrowmont ne, dattijo mai natsuwa, amintaccen marigayi, wanda ya ce sarki yana bakin mutuwa ya roƙe shi kada ya bari Bhelen ya hau. Shaidarsa bakinsa ne kawai, amma mutum ne da ba a san shi da ƙarya ba. Idan ka nemi kusantar Bhelen, yaronsa zai ba ka takardu ka kai wa wasu manyan gidaje biyu, masu nuna cewa Harrowmont ya yi musu alkawarin fili guda. Ka kai takardun wurin masu adana tarihin birnin, su ce maka jabu ne. Idan Harrowmont ka nufa, abin da zai nema shi ne ka shiga filin gasa ka yi faɗa da sunansa a idon jama'a, don an tsorata 'yan damben nasa. Duk wanda aka yi wa tarbiyya a gidan kirki ya san inda zuciyarsa za ta karkata.

Sai an gama wasan, an zo bayanin abin da ya biyo baya, sannan jiki ke yin sanyi. Orzammar ƙasa ce da mutum ke gadon matsayinsa tun daga haihuwa, ɗa ya bi ajin ubansa, 'ya ta bi na uwarta. A can ƙasa kuma akwai marasa aji, waɗanda ake yi wa tambari a fuska, ba a rubuta sunansu a kundin tarihi, ba a ba su sana'ar halal. Harrowmont ya hau, ya ƙara tsaurara wannan tsari, ya ja ƙofar birni ya rage hulɗa da mutanen sama, bai iya riƙe majalisa ba, daga bisani kuma ya rasu aka koma gidan jiya. Bhelen ya hau, ya buɗe ciniki, ya ba marasa aji 'yanci idan suka shiga soja, aka ƙwato wasu tsofaffin garuruwan da aka rasa tun kakanni.

To a nan ne da yawanku kuke zamewa. Ina jin samari suna cewa ai wasan ya nuna azzalumi mai aiki ya fi mutumin kirki marar ƙarfi, har suna ɗauko maganar su kai ta siyasar ƙasa. Ku yi hattara. Minti ɗaya da sa wa Bhelen kambi, Harrowmont ya durƙusa ya yi mubaya'a, umarnin farko na sabon sarki shi ne a kashe shi. A wasa na biyu, na 2011, za ka haɗu da wani ɗan gidan Harrowmont yana gudun tsira a wata ƙasa, don an bi danginsa ana kashewa. Majalisar da ta zaɓi sarakuna tun fil azal kuma Bhelen ya rushe ta ya yi mulki shi kaɗai. Sannan kada ku manta, wannan ƙarshen labari mutane ne suka zauna a ofis suka rubuta shi. Sun ga dama sun saka wa Bhelen da nasara. Tarihi ba ya cika irin wannan alkawari, azzalumai da yawa sun kashe 'yan'uwansu sun rushe majalisa, talaka kuma bai ga komai ba sai ƙarin haraji.

Abin da ya fi damuna a Orzammar ma ba waɗannan biyun ba ne. Kai ne. Dubi yadda aka raba gardamar. Majalisa ta cije, sai aka ce maganar da za ta warware ita ce ta wanda wadanni suka ɗaukaka zuwa matsayin kakan da ke raye, irin mutumin da ya yi wani abin da ya canza rayuwar al'umma. Guda ɗaya ta rage, maƙeriya Branka, wadda ta kwashi gidanta kaf ta shiga ramuka neman wata tsohuwar maƙera shekara biyu da suka wuce. Ka bi ta, ka sha wuya, a ƙarshe ko ita ko wani tsohon maƙeri mai suna Caridin ya ƙera maka kambi. Cikinsu ba wanda ya damu da wanda zai sa shi. Kambin kawai aka miƙa maka aka ce ka ba wanda ka so. Ka dawo majalisa, dattawa sun tsaya tsit suna jiran hukuncin kakanni, kai kuma ka ambaci sunan da ka ga dama. Su a ganinsu al'ada ce ta yi magana. Alhali wani baƙo ne da bai fi 'yan kwanaki a garin ba, bai san gidajen ba, bai san wa ya auri 'yar wa ba, bukatarsa kawai a ba shi mayaƙa ya tafi. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Wannan makahon shi ya zaɓa wa birni sarki, ya karɓi rundunarsa, ya hau sama, bai sake kwana a ƙarƙashin mulkin da ya kafa ba.

Wanda ya karanta tarihin Kano ba zai ji wannan baƙon abu ba. A 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu. Gidan wansa, Sarki Abdullahi Maje Karofi, gida ne mai yawan 'ya'ya da barori, kuma hankalin jama'a da yawa yana kan Yusufu ɗan Abdullahi. Sarkin Musulmi Abdurrahman daga Sakkwato ya ce Tukur ɗan Bello za a naɗa, Waziri Buhari da ke Kano a lokacin ya cika umarni. Ta fuskar doka ba a yi kuskure ba, Sakkwato ke da ikon naɗi, Tukur kuma ɗan sarki ne jikan Sarki Dabo, jarumi ne da aka shaida a fagen fama. Amma Yusufawa suka fice suka yi sansani a Takai, aka shiga Yaƙin Basasa. Yusufu bai ga ƙarshensa ba, ya rasu, ƙaninsa Alu ya karɓi tuta ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895, daga baya Sakkwato ta haƙura ta amince da Alu. Wanda ya yi naɗin yana gidansa. Kanawa su suka binne gawawwaki, su aka ƙone wa garuruwa, 'ya'yansu aka kama bayi. Duk lokacin da wasa ya sa kambi a hannunku, ku tuna a wane gefe kuke tsaye a wannan labari. Ba ku ne Tukur ba, ba ku ne Alu ba. Ku ne wanda ya zo daga nesa da takarda.

Naɗi na biyu ya fi zurfi, shi ne na Ferelden, ƙasar da labarin yake gudana a cikinta. Gidan Theirin ke sarauta tun daga Calenhad, wanda ya haɗe ƙasar wuri ɗaya kusan shekara 400 kafin lokacin wasan. Daular Orlais da ke maƙwabtaka ta taɓa mamaye su gomman shekaru, har Maric ɗan gidan ya tashi ya kore ta. Na hannun damansa a wannan yaƙi Loghain ne, ɗan manomi da ba shi da ɗigon jinin sarauta, wanda basirarsa ta yaƙi ta kai shi ga riƙe ɗaya daga cikin manyan sarautu biyu da ke ƙasa da sarki. Maric ya ɓace a teku, ɗansa Cailan ya hau, ya auri Anora 'yar Loghain. Shekara biyar suka yi, kowa a fada ya san Anora ke tafiyar da ƙasa, shi sarki hankalinsa yana kan labaran jarumta. A yaƙin Ostagar, a farkon wasan, Cailan ya tsaya a sahun gaba yana jiran surukinsa ya kawo ɗauki daga gefe. Aka kunna wutar alama, Loghain ya juya da rundunarsa. Sarki ya mutu ba ɗa, Loghain ya naɗa kansa mai riƙon ƙwarya da sunan 'yarsa.

Kada ku yi saurin cewa kwaɗayin mulki ne, ku wuce. Cailan ya gayyaci mahaya dawakin Orlais su zo taimako. Mutumin da ya ga abin da Orlais ta yi wa iyayensa, ya ba da ƙuruciyarsa wajen korar ta, a wurinsa wannan buɗe wa kura ƙofar garke ne. Tsoronsa na gaskiya ne. Abin da tsoron ya sa shi aikatawa kuwa ba shi da kariya: ya sa aka ba Eamon, kawun marigayi sarki, guba, ya bar abokin tafiyarsa Howe yana azabtar da 'ya'yan mutane a kurkukun gidansa, ya sayar da talakawan ƙabilar Elfawa da ke babban birni ga dillalan bayi na wata ƙasa don ya sami kuɗin yaƙi. Mutumin da ya 'yanta ƙasa daga bauta ya koma sayar da 'yan ƙasar.

A ɗaya ɓangaren akwai abokin tafiyarka tun farko, Alistair, saurayi mai barkwanci da tsoron ɗaukar nauyi. Can tsakiyar tafiya zai gaya maka, da kunya, cewa shi ɗan Maric ne da aka haifa ba aure. Eamon ya rene shi, matar Eamon ta zargi ko ɗan mijinta ne, aka tura shi makarantar masu addini yana ɗan shekara goma. Bai taɓa son sarauta ba, da bakinsa yake roƙon kada a ba shi. Amma da Eamon ya warke, shawararsa ɗaya ce: a kira taron masu ƙasa, a tsayar da Alistair, don jinin Calenhad kada ya yanke.

Wannan taro, Landsmeet, shi ne abin da na fi so ku tsaya ku duba. A Ferelden iko daga ƙasa yake hawa. Manoma masu gonar kansu su ke zaɓar hakimin da za su bi, in ya gaza kare su suna iya komawa wurin wani. Hakiman nan da manyansu su ke taruwa a Denerim, babban birnin, su tabbatar da sarki. Jini yana ba mutum damar a ambaci sunansa, amma ba ya zaunar da shi. Kowane ɗan Kano ya san haka, don ya san Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta ba don ado aka ajiye su ba. Kuma wasan ya nuna yadda ake samun ƙuri'a ba tare da ya yi mata kwalliya ba. Wani hakimi zai bi ka don ka fito da ɗansa daga kurkukun Howe. Wata za ta bi ka don ka gano ɗan'uwanta a can. Wani dattijo da annobar miyagun halittun nan ta cinye masa ƙasa da 'ya'ya ba ruwansa da wa ya ci amanar wa, wanda ya yi maganar annobar shi zai bi. In ka tashi ka ce Loghain ya yashe sarki a Ostagar, abin da ka gani da idonka, maganar ba ta da nauyi sosai don ba ka da shaida, takardar cinikin bayi ta fi ta tasiri. A cikin kurkukun nan kuma akwai Vaughan, ɗan mai riƙe da birnin, mutumin da ya saba sace matan Elfawa, har ranar bikinsu. Yana da ƙuri'a. In ka buɗe masa ƙofa zai ba ka ita. Na san da yawanku kun buɗe, kun ce ai lissafi ne. Ku dai san cewa kun mayar da shi kan mutanen da ya zalunta, kuma sarkin da kuka naɗa da ƙuri'arsa ya hau.

Shi kansa Eamon, dattijon da wasan ya gabatar a matsayin mutumin kirki, ku dube shi da kyau. Wa zai zama mai faɗa a ji idan yaron da ya rena, wanda bai san komai a mulki ba, ya hau gado? Wani ƙarin babi da aka fitar a 2010 ya mayar da mai wasa Ostagar, inda zai tsinci wasiƙun marigayi sarki. A ciki akwai ta Eamon yana ba Cailan shawara ya yi tunanin rabuwa da Anora tunda ba ta haihu ba. Akwai kuma wasiƙun sarauniyar Orlais, har da wadda harshenta ya wuce na hulɗar ƙasa da ƙasa. Kenan Loghain ba mafarki yake yi ba gaba ɗaya, Eamon kuma tun kafin yaƙi yake neman raba 'yar manomi da fada. Mai cewa a kare jinin gida, ku tambaya me zai samu in an kare. Mai cewa a bar wa wanda ya iya, shi ma ku tambaya. Anora ta iya, ba gardama, amma a shirye take ta juya maka baya a gaban taro in ta ga ba za ka mara mata ba, kuma in ka bar uban nata da rai ta hau ita kaɗai, cikin abin da za ta fara nema har da kan Alistair.

Sannan ku tambayi kanku. Wanda ya fara wasan a matsayin ɗan gidan Cousland, babban gida na biyu bayan na sarki, yana iya auren Anora ya zauna kusa da gado. 'Yar gidan kuma tana iya auren Alistair ta zama sarauniya. Ko ba haka ba, Alistair abokinka ne, kun kwana a daji tare, ya ba ka dariya, kana iya juya shi. Har wasan ya ba ka damar sauya masa hali: bayan ya je wurin matar da yake zaton yayarsa ce ta kore shi da maganar kuɗi, abin da ka gaya masa a bakin ƙofa shi zai sa ya taurare ya fara son mulki, ko ya zauna yadda yake. Idan kun zaɓe shi, shin don Ferelden ne, ko don kuna son sarkin da zai riƙa jin maganarku? Ba laifi ba ne mutum ya so abokinsa. Laifin shi ne ya kira son ransa maslahar ƙasa, har shi kansa ya yarda.

Ba duk wasanni ke da wannan gaskiyar ba. A Oblivion na kamfanin Bethesda, na 2006, an kashe Sarki Uriel Septim na bakwai da 'ya'yansa uku, aka gano wani ɓoyayyen ɗa, Martin, yana hidimar addini a garin Kvatch. A can babu taron masu ƙasa da zai yi gardama, don akwai layar sarakuna da ba ta zama a wuyan kowa sai mai jinin, kuma in ba mai jinin a gado, shingen da ke tsakanin duniya da aljanu zai faɗi. Labari ne mai daɗi, amma ku gane dabarar: marubuci ya mayar da da'awar masu sarauta dokar halitta, ya hana kowa tambaya. Ku ji daɗinsa, kada ku fito da shi waje.

Wannan ya kawo ni kan waɗanda a cikinku suke rubutu. Na san da yawa, musamman 'yan mata, kuna rubuta littattafan sarauta a waya, da Yarima da Gimbiya da Fulani da makircin kishiyoyi, wasu samari kuma suna zana masarautun wasan da suke burin ƙirƙirowa. Abin da nake yawan gani shi ne masarauta mai sunayen Hausa da dokar gadon Turai: ɗan fari shi ne magaji tun yana zanin goyo, sauran labarin kuma yadda za a kashe shi ne ko a asirce shi. Kun bar dukiya a gida. A yawancin masarautunmu duk ɗan sarki yana da rabo, ƙanin sarki ma yana da shi, ɗan ƙwarƙwara ɗan halal ne da ke hawa gado ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. A Zazzau gidaje huɗu ne, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma da aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli a 2020, shekara 100 kenan rabon Mallawa da gadon tun bayan Alu Ɗan Sidi. Ku yi tunanin gidan da ya jira ƙarni guda, me ake gaya wa yara a cikinsa da dare. Ku duba gidan uwa: mahaifiyar Alu na Kano 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, kuma wannan bai rasa nasaba da yadda Yusufawa suka miƙa masa tuta ba. Ku duba waɗanda ba su samu ba, ina ake kai su, wace sarauta ake ba su don su yi shiru, wane ne ya ƙi karɓa. Kafin ku raɗa wa dokin Yarima suna, ku zauna ku rubuta wa ke da damar nema, wa ke zaɓa, wa ke tabbatarwa, wa kuma zai iya ƙin yin mubaya'a ya kwana lafiya. Makirci zai fito da kansa daga nan, ba sai kun nemo boka ba. Mai son ya ga yadda doka kaɗai ke wargaza daula ya gwada Crusader Kings III na kamfanin Paradox da ke Suwidin, na 2020. Ba na almara ba ne, kuma a cikinsa ana iya farawa da Daurama ta Daura a shekarar 867. Ka sha wuya ka haɗa ƙasa, ka mutu, dokar rabon gado ta yayyanka ta tsakanin 'ya'yanka.

Akwai tambayar da taron Denerim bai yi ba, ku ma ba ku cika yin ta ba: wanda za a naɗa, wa zai gaje shi? Duk rikicin nan ya taso ne don Cailan ya mutu ba ɗa. Anora ta shekara biyar da aure ba haihuwa, ba wanda ya san daga wajen wa abin yake. Alistair kuwa ɗan Dakarun Toka ne, kuma shiga rundunar sai an sha gurɓataccen jinin halittun da suke yaƙa, abin da ke rage wa mutum kwana zuwa kamar shekara 30 ya kuma sa haihuwa ta yi masa wuya ƙwarai. Eamon bai san wannan sirri ba, kai ka sani. Ko ka naɗa shi, ko ka naɗa ta, ko ka ɗaura musu aure don a huta, abin da ka yi shi ne ɗage yaƙin basasa zuwa zamanin 'ya'yan waɗanda suka jefa ƙuri'a.

Sai kuma daren ƙarshe. An gaya maka duk dakaren da ya kashe uban halittun nan shi ma zai mutu. Morrigan, matsafiyar da ke cikin tawagarka, ta zo da mafita: in ta ɗauki cikin ɗaya daga sababbin dakarun a wannan dare, ba wanda zai mutu, sharaɗinta ta tafi da abin da ke cikinta kada a neme ta. Mai wasa da jaruma mace ba ta da wanda za ta tura sai namijin da ya rage a rundunar, sau da yawa kuma Alistair ne, sarkin da aka tabbatar kwanaki kaɗan da suka wuce. Da yawanku kun lallashe shi ya yarda, don ba ku son kowa ya mutu. Kenan ɗan farin sarkin Ferelden an haife shi ba aure, an ɓoye shi nesa da fada, daidai yadda aka yi wa ubansa. A wasa na uku, na 2014, yaron ya bayyana yana ɗan kimanin shekara goma, sunansa Kieran, uwarsa kuma ta zama mai ba sarauniyar Orlais shawara. Jikan Maric ɗaya tilo yana girma a ƙasar da Loghain ya bar sarkinsa ya mutu don kada ta sake sa ƙafa a Ferelden, kuma a cikin hakiman da suka taru a Denerim babu wanda aka tambaya.